Jirgi Maras Matuƙi Na Buƙatar Ɗan Gari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan jiragen nan marasa matuƙa da sojojinmu ke amfani da su a yaƙi da ɓarayin daji da Lakurawa. Na lura masu tofa albarkacin bakinsu a kai sun rabu gida biyu. Wasu na cewa a ƙaro su, a yi ta luguden wuta har dajin ya zama toka. Wasu kuma na cewa a jingine su gaba ɗaya tunda bayin Allah suke kashewa. Ni tsohon malamin gona ne. Na yi aiki a ƙauyukan Tangaza da Binji da Silame, daga baya aka mayar da ni gabas, wajen Wurno da Goronyo, har na yi ritaya. Ina son a yi amfani da jiragen nan, kuma ina jin tsoronsu ƙwarai, domin na san yadda rayuwar ƙauyukan da suke shawagi a kansu take.

Kada wani ya ɗauka ɓarawo nake karewa. Mu mutanen jihar nan mun ga abin da ya ishe mu. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka yi jana'izar fiye da mutum 40. A Disambar wannan shekarar aka tare motar fasinja a yankin Sabon Birni, aka banka mata wuta da mutane a ciki. A Maris 2024 aka kwashe almajirai 15 daga Gidan Bakuso a ƙaramar hukumar Gada. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duk mun kalli bidiyonsa yana roƙon a cece shi. Allah ya jiƙansa da rahama. Gabas ga Bello Turji da yaransa, yamma da arewa kuma ga Lakurawa a Tangaza da Gudu suna karɓar abin da suke kira zakka da bakin bindiga. Wanda ya zauna da waɗannan mutane ba zai ce a hana soja wani makami ba.

Kuma akwai aikin da jirgin nan zai yi wanda motar sintiri ba za ta taɓa yi ba. Dajin Gundumi kaɗai ya fi ƙarfin a ce za a zuba sojoji a kowane lungunsa. Ɓarayin nan ba a ɓoye suke tafiya ba. Babura ne birjik, goyon biyu-biyu da uku-uku, ƙura na tashi, wani lokaci da rana tsaka. Idan suka kora shanu kuwa, ai garke ba ya gudun babur. Sai sun yini suna tafiya a hankali, su tsaya shayarwa, su ratsa gonakin mutane. Jirgin da ke iya kwana ya wuni a sama ba tare da ya sauka ba zai iya bin garken nan tun daga garin da aka kwaso shi har dabar da za a kai shi, ya kuma ga motar da za ta zo ta ɗauka zuwa kasuwa. Jirgin Bayraktar TB2 na ƙasar Turkiyya, wanda Najeriya ta saya, yana wuce awa 24 a sama. Kafin shi an sayo CH-3A daga ƙasar Sin tun wajen 2014 don yaƙin Boko Haram, aka ƙaro Wing Loong II. Na gida ma an gwada: Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna a Disamba 2013, marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Fabrairu 2018. Ke nan mun haura shekara goma muna harka da su, ba baƙin abu ba ne a hannun sojanmu.

To ina matsalar take? Mutane da yawa suna ɗauka na'urar ce ke tuƙa kanta, ta zaɓi wanda za ta harba. Matuƙin yana nan, sai dai yana zaune ne cikin ɗaki a sansanin soja, mai yiwuwa kilomita 100 ko fiye daga inda jirgin yake, shi da abokin aikinsa mai juya kyamara. Jirgin na can sama, ƙafa dubbai. Da rana suna ganin hoto mai kyau. Da dare kuwa kyamarar zafin jiki ake amfani da ita: mutum ya zama ɗan tabo mai haske, injin babur da aka kashe yanzu ya yi ta walƙiya, wutar da aka hura ta yi fari fat. Ba a gane fuska. Idan aka matso da hoton don a ga abin da ke hannun mutum, sai a daina ganin abin da ke kewaye da shi, kamar mai leƙen gida ta hudar zana, yana ganin ƙafafu na wucewa amma bai san na su wane ne ba, bai kuma san bikin suna ake yi ko rasuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne jirgin ba ya ji. Hoto kawai yake aikawa. Da yana da kunne, da ya ji begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a daren da aka saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri.

Bari in gaya wa wanda bai zauna ƙauye ba abin da kyamarar nan ke gani idan ta bi ta kanmu. Da rani, a fadamun Goronyo da Wurno da Kware, masu albasa da tumatir da shinkafa da dare suke ban-ruwa, saboda zafin rana da kuma layin ruwa. Za ka ga mutum biyar ko shida a bakin gona da ƙarfe biyun dare, da fitilun hannu, ga injin ban-ruwa ya ɗauki zafi, ga babura a jingine, kowanne ɗaure da jarkar fetur. Jarkar fetur a bayan babur kuwa ita ce alamar da ake neman masu kai wa ɓarayi mai da ita, har gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi a 2021. Da kaka, matasa na haɗuwa a masussuka cikin farin wata, ana bugun dawa da sanduna, ga dammunan gero jibge. Makiyayi na tafiya da sandarsa gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, kuma daga sama tsawon sandar nan da na bindiga ba su da wani bambanci. Idan lokacin farauta ya zo, gari biyu ko uku ke fita daji da bindigogin toka da karnuka. Kai amarya daga wannan ƙauye zuwa wancan ayarin babura ne, da daddare, ana gudu ana tayar da ƙura. Jana'iza taron maza ne zalla a bayan gari. Duk waɗannan na gan su da idona, na zauna a cikin wasunsu ina jiran gari ya waye in duba gonar gwaji, kuma babu ɗaya daga ciki da ba zai yi kama da taron 'yan bindiga ba a idon yaron da ya tashi a birni, aka zaunar da shi gaban allo aka ce masa yankin nan na ɓarayi ne.

Mafi haɗari a ciki shi ne bin sawu. Ɓarayi sun shigo sun kora dabbobi, ko sun tafi da mata. Mazan gari da 'yan sa-kai su hau babura da bindigoginsu su bi baya. Wani ya samu ya kira jami'an tsaro. Kafin jirgi ya iso, ɓarayin sun shige duhuwa, waɗanda suka rage a fili da makamai a hannu su ne masu bin sawun. Abin da mutanen Tungar Kara, a yankin Zurmi da Maradun na jihar Zamfara, suka ce ya same su ke nan a Janairu 2025, inda aka rasa mutum kusan 16, cikinsu da askarawan jiha da 'yan sa-kai. Mutanen da suka fito taimakon maƙwabtansu ne aka yi wa jana'iza.

Tudun Biri kuwa, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, kowa na tune da daren 3 ga Disamba 2023. Ana Mauludi jirgi maras matuƙi ya saki bam. Waɗanda suka tsira sun ce bayan mutane sun taru suna kwasar gawawwaki da masu rauni aka sake sakin na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty International ta ce adadin ya haura 120, akasarinsu mata da yara. Akwai abin da ya faru washegari da ya kamata a riƙa tunawa. Rundunar sojin sama ta fito ta ce ba ita ba ce, ba ta yi wani aiki a wurin ba. Daga baya sojin ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne. Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, kuma na yaba masa a kan haka. A Mayu 2024 Hedikwatar Tsaro ta ce an gama bincike, za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Cikakken rahoton dai ba a fitar wa jama'a ba. Ta yaya za mu san an toshe kafar da kuskuren ya shigo ta ciki, alhali ba a gaya mana wace kafa ce ba?

Mu ma a nan gida abin ya iske mu. Da safiyar 25 ga Disamba 2024 aka kai hari ta sama a Gidan Bisa da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame, ana neman Lakurawa. Na san ƙasar nan, na san irin mutanenta: manoma ne da masu ɗan kiwo, waɗanda tuwon gero da rumbu cike ya ishe su godiya ga Allah. Hukumomin jiha suka ce aƙalla mutum 10 sun rasu, ga rumbuna da dabbobi da suka ƙone. Gwamna Ahmed Aliyu ya je aka yi jana'iza da shi. Kakakin Hedikwatar Tsaro na lokacin, Manjo Janar Edward Buba, ya ce makaman Lakurawa da ke ɓoye ne suka fashe suka kashe mutanen. Sai da aka kusa cika shekara rundunar sojin sama ta amince cewa fararen hula 13 ne suka rasu, ta kai wa iyalansu diyya. Na san wasu daga cikin hare-haren nan jiragen yaƙi masu matuƙa ne suka kai su, kamar na sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno a Janairu 2017, da na Mutumji a yankin Ɗansadau a Disamba 2022. Amma ciwon ɗaya ne: an yanke wa mutane hukunci daga hoton sama, babu wanda ya tambayi na ƙasa.

Bayan girbin da ya wuce, ɗan ƙanena da ke zaune a wani ƙauye a gabashin jihar nan ya zo gaishe ni. Ba zan faɗi sunan garin ba, kowa ya san dalili. Muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, ya ajiye mini ɗan ƙullin wake da ya zo da shi, na tambaye shi ko jiragen nan sun kawo musu sauƙi. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya ce:

"Baba, mu yanzu in munka ji ƙugin abin ga, ba mu san ko murna za mu yi ko kuka ba. Ɓarayin sun hi mu sanin shi. Da sun ji shi sai su kashe mashin su shige ƙarƙashin itace, ko su shigo gari su tura mashinansu cikin zaurukanmu, su ce kowa ya zauna inda yake. In anka saki bam, mu da su na."

Na ce masa, "To ɗana, ba ku sanar da soja?"

Ya ce, "Mu sanar da wa, Baba? Wace lamba? Kuma in anka ji kai ne ka yi waya, ba ka kwana."

Daga nan ya ba ni labarin ranar da aka tara su, magidanta da samari, aka kora su girbi a gonar wani ɗan bindiga, domin garin da ya ƙi zuwa ba a barin shi ya girbe nasa. Ya ce suna sunkuye da magirbi sai ga ƙugin a bisa kansu. Yaran da ke tsaronsu da bindigogi suka koma gindin wata tsamiya, suka bar su a tsakiyar fili. "Ina yankan gero, hannuna na rawa," in ji shi, "ina cewa cikin raina, wanda ke kallonmu mi shika gani? Gonar ɓarawo, cike da mutane." Allah ya kiyaye, jirgin ya yi ta kewaya ya tafi. Ina yi wa wanda ke riƙe da shi a ranar addu'a, ko wane ne, saboda ya danne hannunsa. Amma bai kamata rayuwar magidanta ta rataya a kan halin mutum ɗaya da yadda ya tashi da safe ba. Haka ma dabobin ɓarayin nan: cikinsu akwai waɗanda aka sace ana jiran kuɗin fansa, a ɗaure, tare da masu tsaronsu.

Za a ce ai soja ba ya harbi sai da bayanan sirri. Gaskiya ne, sai dai a duba daga bakin wa bayanan ke fitowa. Na yi shekaru ina shiga tsakanin masu rikicin iyakar gona da na burtali, na san yadda gaba ke daɗewa a ƙauye. Akwai rikicin sarauta, akwai tsohuwar ƙullalliya tsakanin wani gari da rugar da ke kusa da shi, akwai wanda aka hana aure. Da can mai ƙullin zuciya ƙara yake kaiwa wurin alƙali. Yau idan ya samu kunnen jami'in tsaro, zai iya nuna rugar abokin gabarsa ya ce daba ce. Su ma ɓarayin suna da infoma, kuma ba abin mamaki ba ne su jefa labarin ƙarya don a bugi garin da ya ƙi biyansu haraji. Malamanmu kullum suna karanta mana ayar Suratul Hujurati da ke umartar a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 94, masu fita yaƙi ne kai tsaye aka umarta da su tantance. Wannan umarni ya hau kan mai riƙe da takobi, ya kuma hau kan mai riƙe da maɓallin jirgi.

Wasu na ganin maganin shi ne a sayo jirage masu tsada da kyamara mai ƙarfi. A sayo, ban ƙi ba. Amma a tuna abin da ya faru a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021. Jirgin Amurka maras matuƙi ya shafe awanni yana bin motar wani ma'aikacin ƙungiyar agaji, aka ga yana loda jarkoki, aka yanke cewa abin fashewa ne. Ruwa ne a ciki, yana kai wa iyalinsa. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Da farko manyan sojojin Amurka sun ce harin daidai ne, sai da 'yan jarida suka je gidan suka tono gaskiya kafin a amsa kuskure. Babu ƙasar da ta kai Amurka kayan aiki, kuma abin da ya rasa a ranar shi ne mutum ɗaya ɗan unguwar da zai ce, wannan ai wane ne, ruwa yake ɗebowa kullum. A nan maƙwabtanmu Nijar, Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jiragen nan a Agadas, ta tattara ta tafi a 2024, kuma a shekarun da ta yi a wurin ta'addanci a yankin Sahel ƙaruwa ya yi. Halilu Sububu kuwa, wanda ya addabi Zamfara da mu, a ƙasa sojoji suka yi masa kwanton ɓauna a Satumba 2024, bayan an san hanyar da zai bi.

Abin da nake roƙon rundunar Fansan Yamma da Runduna ta 8 da ke nan Sakkwato shi ne su sa doka mai ƙarfi a rubuce: ba a sakin bam kan taron mutane a cikin gari ko a gefensa sai an samu tabbaci daga ƙasa, daga baki biyu waɗanda ba su san juna ba. Idan tabbacin bai samu ba, a ci gaba da kallo, a bi su, a jira su fita fili. Amfanin jirgin da ke kwana a sama ke nan, yana da lokacin jira. Na san wani lokaci jiran zai sa ɓarawo ya kuɓuce, kuma na san zafin haka, don wanda ya kuɓuce yau shi zai dawo gobe. Duk da haka gara ya kuɓuce a sake nemansa. Garin da aka kashe wa yara ba zai sake kai wa soja labari ba, kuma Lakurawa na nan suna jiran saurayin da aka kashe wa uba su ce masa, ka ga gwamnatinka.

Sannan a saka 'yan ƙasa a ɗakin da ake kallon hotunan. Akwai 'ya'yan Gobir da Kabi da Adar da Zamfara cikin soja, waɗanda suka tashi da fartanya, suke jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, suka san Lahadi ce kasuwar Illela, suka san watan Mauludi a ƙauye kusan kowane dare da taro. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Janar Christopher Musa, wanda ya riƙe muƙamin Babban Hafsan Tsaro kafin ya zama Ministan Tsaro, a garin nan aka haife shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ma tsohon Birgediya Janar ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai iyayen ƙasa da masu gari da masu unguwa har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Me zai hana a yi hanyar da mai gari zai sanar cewa daren Alhamis muna da Mauludi, ko gobe za a fita farauta, ko yanzun nan samarinmu suka bi sawu ta hanya kaza da babura kaza? Dole a yi ta cikin sirri ƙwarai, domin an sha kashe masu gari saboda zargin sun yi magana da soja. Dole kuma a riƙa tantancewa, don ɓarawo ma zai iya tilasta mai gari ya yi ƙarya. Wahalar shirya wannan ba ta kai wahalar haƙa kabarin mutum 85 ba. Kuma hanyar ta zama mai kai da kawowa: idan jirgi ya hango ayarin babura ya doshi wani gari, a buga wa garin waya, mata da yara su samu ko rabin awa su fice. Wannan na nufin a gyara layukan waya a karkara. Mun ga yadda aka rufe su a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a Satumba 2021, masu neman agaji suka rasa hanyar kira, ɓarayin kan iyaka kuwa suka koma amfani da layukan Nijar.

Iyakar ma wata matsala ce. Tun juyin mulkin Yuli 2023 haɗin kan tsaro tsakaninmu da Nijar ya yi rauni, kuma sojojinmu da kansu sun ce ta wannan ɓaraka Lakurawa suka samu sarari. Jirgi zai bi ɓarawo har bakin iyaka, shi kuwa ya tsallaka da babur cikin minti kaɗan. Idan aka bi shi da wuta ba tare da an yi magana da na can ba, sai a maimaita abin da ya faru a ƙauyen Nachade na jihar Maraɗi a Fabrairu 2022, inda harin jirgin Najeriya ya kashe yara 7. Mutanen Konni da na Illela dangi ne, aure ya haɗa mu, kasuwa ta haɗa mu. Ya kamata masu kallon sama na ƙasashen biyu su riƙa magana da juna ko da shugabanninsu na fushi. A kuma tuna cewa ba gwamnati kaɗai ke da jiragen nan ba yanzu. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta fara ɗaura wa ƙananan jirage na kasuwa abin fashewa tana kai wa sansanonin soja hari a Borno tun ƙarshen 2024. Abin da aka koya a tafkin Chadi ba ya daɗewa kafin ya iso yamma, don haka a shirya wa sansanonin Isa da Sabon Birni da Tangaza abin kakkaɓo su tun yanzu.

Sai kuma daren 25 ga Disamba 2025, shekara ɗaya cif bayan Silame, lokacin da Amurka ta kai hari a jiharmu. Daga bakin Shugaba Trump muka fara ji, kafin gwamnatinmu ta yi magana, kuma wannan ya yi mini ciwo. Daga baya Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya ce da amincewar Najeriya aka yi, an nufi sansanoni a dajin Bauni na Tangaza, an kuma yi amfani da jiragen MQ-9 Reaper. Amma mutanen Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, can kudu nesa da Tangaza, su ne suka ga sama ta yi ja, ɓaraguzai suka faɗo a gona kusa da garinsu. Wasu ma har Offa a jihar Kwara suka faɗa. Alhamdu lillahi ba a rasa rai a Jabo ba. Da an rasa fa? Idan sojanmu ya yi kuskure, ko ba komai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa: akwai gwamna, akwai majalisa, akwai barikin Giginya. Manomin Jabo wace ƙofa zai je a Amurka? Duk yarjejeniyar da za ta bar baƙo ya yi harbi a ƙasarmu, ya kamata a rubuta cikinta wa zai amsa laifi, wa zai biya, kuma Majalisar Tarayya ta gan ta.

Batun biya kuwa, ina so a daina kiransa tallafi. Buhun shinkafa da ambulan da ake kaiwa gidan makoki kyauta ce, ana godiya, amma mai bayarwa ne ke yanke nawa da yaushe. Diyya haƙƙi ce. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora ta a kan kisan kuskure, a miƙa wa iyalan mamaci, kuma Sunna ta ƙayyade ta da raƙuma 100. Abin da aka yi wa mutanen Silame mataki ne mai kyau, sai dai marayun sun yi damina guda cur babu mai noma musu kafin a zo. A yi doka da za ta ce cikin kwana nawa za a amsa kuskure, nawa za a biya kan rai da rauni da rumbu da dabba, kuma daga wane asusu. Binciken ma bai kamata ya yi wuya ba, tunda jiragen nan suna naɗar duk abin da suka gani. A ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da kwamitocin tsaro na majalisa su kalla, ko da a ɗaki a rufe ne, su fito su gaya mana abin da ya faru. Ina kira ga sanatocinmu uku, Aliyu Magatakarda Wamakko da Aminu Waziri Tambuwal da Ibrahim Lamiɗo, su ɗauki wannan ƙuduri su kai zauren majalisa, tunda dukansu akwai garuruwan da abin ya shafa a mazaɓunsu.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Gidan Bisa da Rumtuwa ya zauna da iyalan, ya tambaye su ko diyyar ta kai hannun kowa, ko an sake gina rumbunan da suka ƙone. Ya wuce Jabo ya ji ko wani jami'i ya taɓa zuwa ya yi musu bayanin abin da ya faɗo a gonarsu. Sannan jaridarka ta rubuta wa Hedikwatar Tsaro a hukumance ta nemi rahoton Tudun Biri da sakamakon shari'ar jami'an nan biyu, ta buga mana amsar da aka ba ta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Unguwar Mabera, Sakkwato.